Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Ilimi: Wa Ya Ce Mutane Ba Sa Karatu?

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya riƙo, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin maganar da ke bakina ta ɗan saɓa wa wadda aka saba ji daga manya.

Duk ranar 23 ga Afrilu, wadda hukumar UNESCO ta keɓe tun 1995 don girmama littafi da haƙƙin marubuta, jawabin kusan ɗaya ne: al'adar karatu ta mutu, matasa sun watsar da littafi, waya ta cinye musu lokaci. A tafa, a raba wa 'yan makaranta kyaututtuka, a watse sai baɗi. Ranka ya daɗe, ni ban yarda ba. Mutane suna karatu. Abin da suka ƙi shi ne karanta abin da muka zaɓa musu, a inda muka ajiye shi, a sigar da muka ga dama.

Dubi matar da ta gama hidimar gida, yara sun yi barci, ta rage hasken wayarta tana jiran marubuciya ta saki shafi na gaba na labarin da take bi wata da watanni. In an makara, tana cikin masu ƙorafi. In an saki, ta karanta tas, ta yi sharhi, ta kwana tana gardama da wasu kan ko jarumar ta kyauta da ta yafe wa mijinta. Dubban kalmomi ke wucewa ta idonta kowane mako. Amma da za a tare ta da takardar tambayoyi a ce, "Kina karatu?" a'a za ta ce, saboda tun tana ƙarama aka nuna mata cewa karatu shi ne wanda ake jarrabawa a kansa. Ga dattijon da ke bitar littattafan addini da na tarihi cikin rubutun da ba na boko ba, wanda sau da yawa masu ƙididdiga ke jefawa cikin marasa ilimi. Ga matashin da ba ya taɓa ƙagaggen labari, amma duk wani bayani kan gyaran inji ko na'ura sai ya tono shi. Ga mai son waƙa, wanda bai taɓa buɗe diwani ba, amma baitoci cike da kansa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tsarinmu kuwa mai karatu ɗaya ya sani, ɗalibi mai shirin jarrabawa.

Raina abin da talaka ke karantawa tsohon ciwo ne, kuma ba namu ne mu kaɗai ba. A Ingila ta ƙarni na 19, an riƙa buga wasu labaran ban tsoro masu araha mako-mako, yaran ma'aikata suka yi musu rubdugu, manya suka ce su ne ke koya wa yara sata da kisa. A Amurka, a 1954, wani kwamitin majalisar dattawa ya yi zaman jin bahasi kan littattafan zane-zane bisa zargin suna lalata tarbiyya, har masu buga su suka kafa wa kansu hukumar tacewa a wannan shekarar. Da littattafan soyayya na Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1980, irin wannan tsangwama suka sha, alhali su ne suka mayar da mata da yawa masu karatu da marubuta, wasunsu ma a cikinsu suka gyara karatun da makaranta ta bar musu rabi da rabi. Ba na musun cewa akwai shirme a ciki. Akwai, da yawa ma: rubutun gaggawa, ƙa'ida a warwatse, wani lokaci har da batsa tsagwaronta. Sai dai mai karanta rubutu mara kyau ya riga ya shigo gida, ana iya miƙa masa mafi kyau. Wanda aka kunyata har ya ajiye littafi, da wuya ya sake ɗauka.

Masu sana'ar littafi sun gane haka tun da daɗewa. A 1935 kamfanin ɗab'i na Penguin da ke Ingila ya fara fitar da manyan littattafai cikin bangon takarda mai sauƙi, ya kai su tashoshin jirgin ƙasa da kantunan da talakawa ke shiga. Da yawa cikin masu ɗab'i sun ɗauka abin ba zai ɗore ba. Sai ga shi ya bayyana cewa masu son karatu suna nan jibge, tsada da nisa ne suka shiga tsakani.

Kada a ce na rufe ido ga gaskiya. Akwai abin damuwa. A binciken PISA na 2018, wato gwajin ilimin ɗalibai na ƙasa da ƙasa da ake yi wa 'yan shekara 15, kusan rabin ɗaliban ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda galibinsu masu arziki ne, sun ce ba sa karatu sai ya zama dole. Kuma gajerun saƙonnin waya ba sa koya wa mutum juriyar zama da dogon rubutu, ya bi hujja daga tushe har ƙarshe. Amma wannan binciken dai ya sha nuna cewa masu karatu don nishaɗi, musamman masu karanta ƙagaggun labarai, sun fi takwarorinsu fahimtar rubutu. Ashe abin da muke kira ɓata lokaci yana cikin maganin ciwon da muke kuka da shi.

Yanzu in kai ka ɗakin karatu na jama'a, irin wanda kowa ya sani. Za ka tarar da kujeru cike lokacin jarrabawa, amma kowa da takardunsa ya zo, inuwa da shiru kawai yake nema. A kantoci kuwa, kundayen da aka bayar kyauta daga wata ƙasa shekaru aru-aru, na dokokin harajin da aka daɗe da sokewa, da na koyon kwamfutar da ba a ƙera irinta yanzu. Ka zaro ɗaya, ƙura ta biyo hannunka, ka duba takardar aro da ke liƙe a bangon ciki, ba tambari ko ɗaya. Ma'aikacin yana zaune, ya san abin da mutane ke tambaya kullum, ya gaji da cewa babu, amma ba shi da ta cewa wajen saye. Wani kwamiti ne can nesa ya yanke, da jerin sunayen da wani ɗan kwangila ya kawo. A 1931 wani masanin ɗakunan karatu ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, ya shimfiɗa ƙa'idoji 5 na wannan aiki, a cikinsu har da cewa kowane mai karatu a samar masa littafinsa, kowane littafi a samar masa mai karanta shi. Har yau ana koyar da su ga masu nazarin fannin. A aikace ne dai ba a ganinsu.

Saboda haka roƙona na farko shi ne a tambayi mutane. A yi bincike na gaskiya, kuma a gyara tambayar: me ka karanta ko ka saurara jiya, a wane harshe, a wane irin rubutu, a takarda ko a waya? Daga amsar za a san inda kuɗi ya kamata su tafi. Sannan a ware wani kaso na kuɗin sayen littattafai a hannun ma'aikatan ɗakunan karatu, su sayi abin da masu zuwa suka nema, ko da labarin soyayya ne ko na zane.

A makarantu kuma a ba yara ɗan lokaci a mako, kowa ya karanta abin da ransa ke so, ba tambaya, ba maki. Na san malamai za su ce manhaja ta riga ta cika. Ta cika, amma yaron da bai taɓa gama littafi don daɗi ba, manhajar ma da ƙyar yake haɗiye ta.

Akwai masu karatun kunne, waɗanda ake mantawa da su gaba ɗaya. Tun 1865 ma'aikatan masana'antun taba a Kuba suke da mai karanta musu jarida da labarai suna aiki, kuma har yau gidajen rediyo masu karanta littattafai ba sa rasa masu saurare. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta buɗe hanyar mayar da littattafai zuwa murya da rubutun makafi, domin makafi da masu lalurar da ke hana su karanta rubutu, ba tare da an tsaya neman izinin mai haƙƙi ba. A naɗi littattafai cikin murya mai daɗi, a saka su inda waya za ta iya ɗauka. Makaho zai amfana, haka wanda bai yi makaranta ba, haka direban da ke kan hanya.

Su kuma marubutan da jama'a ke bi, abin da suka fi buƙata editoci ne da horo kan ƙa'idar rubutu, da kariya daga masu kwafar aikinsu suna rabawa kyauta. Ma'aikatarka za ta iya haɗa su da sassan harsuna na jami'o'i, in har malaman za su sauko su zauna da su a matsayin abokan aiki.

In kasafin bana ba zai ɗauki duk wannan ba, a fara da mafi sauƙi. A umarci kowane ɗakin karatu ya ajiye rajista a bakin ƙofa, duk wanda ya nemi littafi bai samu ba ya rubuta sunan littafin. Bayan wata shida a tattaro, a kawo teburinka.

Allah ya ƙara wa Minista lafiya da basira.

Wassalam,
Naka,
Wani tsohon malamin makaranta