Wai kowa jarumi ne a shirinku?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na rubuto ne a kan shirinku na labaran fina-finai na ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma ba zan ɓoye muku ba, ya ɓata mini rai.

Mai gabatar da shirin ba ta iya kiran sunan mutum sai ta rataya masa "jarumi" ko "jaruma". Jaruma wance ta yi bikin zagayowar ranar haihuwa, jarumi wane ya sayi sabuwar mota, auren jaruma ya mutu, an gurfanar da jarumi a kotu saboda ya ci kuɗin mutane. Har yarinyar nan da kuka yi hira da ita, wadda ta faɗa da bakinta cewa sau ɗaya ta taɓa fitowa a fim, shi ma faranti ta kawo ta ajiye ta fita, sai da kuka kira ta fitacciyar jaruma. Haba Malam Edita! Fitacciya a ina? Jarumtar me ta yi?

Ni fa na ga zamanin sinima. Mun sha tsayawa a layi a Marhaba da Plaza don kallon fim ɗin Indiya, kuma abin da muke cewa shi ne akta da bos. Akta ya yi duka, bos ya sha kashi, shi ke nan. Waɗanda muke ji a rediyo muna gani a talabijin kuwa 'yan wasan kwaikwayo ake ce musu, ba wanda ya ɗauki hakan a matsayin raini. Marigayi Ƙasimu Yero da wannan suna ya yi fice. Marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, shi da ya sa kakin soja na gaske kafin ya sa na wasa, bai taɓa bukatar a liƙa masa jarumi kafin mu san shi ba. Shi kansa Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ai ɗan barkwanci ne, kuma da barkwancin ya shiga kowane gida. Yanzu ku a wurinku mai ban dariya jarumi, mugun cikin fim jarumi, mai rawa a bayan mawaƙi shi ma jarumi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jikana. Kwanaki muna zaune a zaure ya ce mini, "Kaka, in na girma jarumi zan zama." Na ji daɗi, na shafa kansa na sa masa albarka, na ce soja ko ɗan kwana-kwana? Yaron nan ya dube ni yana dariya, ya ce a'a, irin na TikTok. Ya ɗauko wayar uwarsa ya nuna mini wani saurayi ya sha tabarau yana karkaɗa kafaɗa. Ku kuka koya masa wannan, ku da 'yan uwanku masu rubutu a jaridu da intanet.

To in kun rabar da kalmar a kan kowa, me za ku ce wa Sarkin Musulmi Attahiru da mutanensa da suka tsaya suka yi shahada a yaƙi da Turawa a Burmi a 1903? Kada ma mu je da nisa. A watan Satumba na 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri, samarin da suka riƙa shiga cikin ruwan suna fito da tsofaffi da yara, da wane suna za ku kira su? Da sunan da kuka ba mai ajiye faranti?

Ba gaba nake yi da 'yan fim ba. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 sana'ar nan take ciyar da gidaje masu yawa, ni ma da iyalina muna kallo. Amma Hausa ba ta talauce ba. Akwai ɗan wasa da 'yar wasa, akwai ɗan fim, wanda ya haskaka da gaske a ce masa tauraro. Lalaci ne kawai irin na mai rubuta labari, ya ga wani ya rubuta shi ma ya kwafa.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da tallan masu maganin gargajiya da kuke sakowa a tsakiyar shirin. Mutum yana zaune da 'ya'yansa da surukarsa sai ya ji an fara zayyano cututtukan da ba a faɗa a gaban yara, kafin ka kai hannu ga rediyo an gama faɗar mai muni. Ku mayar da su ƙarfe sha ɗaya na dare mana.

Ina roƙon ku karanta wasiƙar nan gaba ɗayanta a filin wasiƙu, kada ku yanke wurin tallan.

Wassalam,
Mai sauraronku na kullum daga Fagge, Kano