Ina Layin Bizar Amurka Tun 2017, Ga Baffa Ya Ce a Sa Rana Kafin Azumi

Assalamu alaikum Anti.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Na daɗe ina bin filin nan naki, galibi a waya nake sauraro idan ina aikin dare, marasa lafiya sun samu barci. Roƙona na farko ki sakaya sunana, domin a unguwarmu kowa ya san kowa.

Ni 'yar Zariya ce, shekarata 31, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti. Ban taɓa aure ba, kuma ba manema na rasa ba. Wata takarda ce ta riƙe ni, yau shekara bakwai da rabi.

Yayana ya tafi Amurka karatu tun ina sakandare, ya zauna can har ya zama ɗan ƙasa. Da Allah ya yi wa Babanmu rasuwa sai ya nema wa Umma izinin zama. Iyayen ɗan ƙasa ba sa bin dogon layi, doka ba ta ƙayyade yawansu ba, don haka a 2016 Umma ta sauka Houston da katinta na zaman dindindin, wanda ake ce wa girin kad. A watan Maris na 2017 ta cike mini fom ɗin I-130 na nema wa dangi biza, aka sa ni a rukunin F2B, wato 'ya'yan masu girin kad da suka kai shekara 21 kuma ba su da aure. Ranar da takardar ta shiga ita ce lambata a layi. Lokacin ina da shekara 24. Yaya ya ce in yi haƙuri, shekara biyar zuwa shida ce.

Kowane wata ma'aikatar harkokin wajen Amurka takan fitar da jadawalin biza, wanda suke kira Visa Bulletin. Na haddace shi kamar karatun allo. Bizar dangi guda 226,000 ake rabawa duniya kaf a shekara, rukuninmu yana samun kimanin 26,000 daga ciki. Babu ƙasar da ake bari ta ɗauki fiye da kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa Indiya da Sin da Meziko da Filifin kowacce take da nata layin daban, mu 'yan Najeriya muna cikin gidan sauran ƙasashe. A gaban kowane rukuni akwai kwanan wata. Idan kwanan ya wuce ranar da aka shigar da takardarki, layi ya zo kanki. Idan bai wuce ba, ki jira wata mai kamawa.

Anti, wajen shekara biyu cur layinmu ya yi a kan 22 ga Satumba 2015, ko motsi. Da wata ya kama sai in fara leƙa waya, wani lokaci sau goma a yini, in buɗe in ga wannan kwanan dai yana kallona. Jadawalin Oktoban nan na 2024 ya nuna 1 ga Mayu 2016. Da Umma ta ji sai ta ce, "Alhamdulillahi, saura wata goma." Ban iya faɗa mata cewa watan jadawali ba watan Allah ba ne. A shekara ukun da suka wuce, abin da layin ya ci bai kai wata takwas ba. In ya ci gaba da wannan tafiyar hawainiya, wata goman nan zai iya cinye shekara uku ko huɗu. Zai kuma iya yin tsalle cikin shekara guda, don an taɓa ganin haka. Babu mai iya rantse miki. Akwai ma jadawali na biyu a ƙasan na farko, mai nuna lokacin da za a ce mutum ya fara tura takardunsa kafin a kira shi ganawa a Legas. Zuwa Oktoban 2024 wannan ya daɗe yana tsaye a 1 ga Janairu 2017. Wata biyu da 'yan kwanaki ne tsakanina da shi, kuma ya ƙi ƙarasowa.

Da jira kawai ne da ban dame ki ba. Sharaɗin rukunin ne ya sa ni a tsaka mai wuya. Mai girin kad ba shi da ikon ɗaukar 'yarsa mai aure, babu rukunin a doka. Ranar da aka ɗaura mini aure, muddin Umma ba ta zama 'yar ƙasa ba, takardar ta mutu, shekarun da na yi a layi sun bi ruwa. Kuma ba ranar ganawa kaɗai ake dubawa ba, sai na taka ƙasar ba ni da aure.

To ga wani bawan Allah, malamin sakandare ne, shekara biyu ke nan yana nemana. Mutum ne mai natsuwa, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma tun zuwansa na uku na faɗa masa gaskiyar halin da nake ciki. Ya ce zai jira, ya kuma jira. Amma shi ma yana da uwa, kuma ta gaji. Watan jiya magabatansa suka je wajen Baffa, ƙanin Babanmu, wanda shi ne waliyyina. Baffa ya kira ni ya ce, "Na yi shiru shekara bakwai saboda uwarki. Ƙannenki na ɗakina biyu sun yi aure sun haihu a gabanki. Kafin azumi ko ki ba ni izini in karɓi kuɗin sa rana, ko in sallami mutanen nan su nemi wata. Ba zan riƙe ɗan mutane a kan takardar da ba ta da rana ba." Ban ga laifinsa ba. Na fita daga zauren ina kuka, amma na san gaskiya ya faɗa.

Shawarar da aka fi ba ni ita ce wadda ta fi hana ni barci. Wani mai harkar takardun tafiya, da wasu ƙawayena, har da wata gwaggona, duk bakinsu ɗaya: a ɗaura aure a masallaci, kada a je rajista, kada a yi taron biki, kada a sa hoto a Facebook. Wai Bature auren kotu kaɗai ya sani. Na bincika, ba haka ba ne. Auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi, aure ne a wurinsu, kuma auren Musulunci halastacce ne a dokar Najeriya. A ganawa rantsuwa ake sa mutum. Wanda aka kama ya yi ƙarya don samun biza ana iya haramta masa shiga ƙasar har ƙarshen rayuwarsa, kuma ko ya shige, asirin na iya tonuwa ranar da ya zo neman zama ɗan ƙasa ko ɗaukar mijin da ya ɓoye. Ki bar ma dokarsu. Ta yaya zan ɗaga hannu in ce ba ni da miji alhali an shafa fatiha, shaidu sun ji, sadaki yana hannuna? Idan Allah ya ba ni ciki fa, in ce na wane ne? Addini cewa ya yi a bayyana aure. Gwaggo ta ce lalura ce, kowa haka yake yi. Ni dai zuciyata ta ƙi, sai dai ina so in ji daga bakin wanda ba shi da wata riba a ciki, ko tsaurin kai ne nake yi.

Hanyar da ta fi tsabta ita ce Umma ta zama 'yar ƙasa. Ta cika shekara biyar ɗin da ake nema tun 2021. Da ta samu, ko na yi aure takardar ba za ta mutu ba, za ta koma rukunin F3 na 'ya'yan ɗan ƙasa masu aure, da lambata ta 2017, har mijina ya shiga ciki. Amma akwai jarrabawar Turanci, karatu da rubutu da magana. Umma ta sauke Alƙur'ani, tana rubuta ajami da kyau, boko ne ba ta yi ba. Yaya ya sa ta a ajin manya, ta yi wata huɗu ta ce kanta ba ya ɗauka. Akwai sassauci ga wanda ya kai shekara 55 kuma ya yi shekara 15 da girin kad, ya amsa tambayoyin tarihi da tsarin mulkin ƙasar da harshensa, amma ita sai 2031 za ta cika. Kuma ko yau ta ci jarrabawar, layin F3 a jadawalin Oktoban 2024 yana kan mutanen 2010 ne. Shi Yaya yana iya cike mini a matsayin ƙanwarsa, wannan bai hana aure ba, sai dai layin 'yan'uwa a Oktoban 2024 yana sallamar waɗanda suka shiga a 2007 ne. In ya cike yau, ina dosar hamsin kafin a kira ni.

Saboda aikina na duba ɓangaren ma'aikata ma. Can aƙalla biza 140,000 ce a shekara, nas-nas suna shiga rukunin EB-3 idan wani asibiti ya ɗauki nauyinsu, kuma abin da ya ja hankalina shi ne ana tafiya da miji da 'ya'ya ƙanana. Sai an ci jarrabawar NCLEX, ta lasisin aikin jinya a Amurka, da ta Turanci. Abokan aikina da suka rubuta Afirka ta Kudu suka je, kuɗin kuwa da canjin dala na yanzu ya fi ƙarfin albashina na shekara. Shi ma layin ba tabbas. Wata da muka yi makarantar jinya tare ta shiga a 2022, ta gama komai tana jiran kira, har ta sayar da firjinta da kujeru. Jadawalin Agusta 2023 na fitowa sai layin ya koma baya zuwa Mayu 2020, saboda bizar shekarar ta kusa ƙarewa. Shekarar lissafinsu 1 ga Oktoba take farawa, a nan ake zuba sababbin lambobi, shi ya sa duk mai jira yake ɗora rai a kan Oktoba. Haka ta koma ɗakin uwarta da yara biyu. Tun daga ranar na san layin nan ba gaba kaɗai yake tafiya ba, kuma namu ma babu abin da ya hana shi juyawa.

Manemin nawa ya kawo tasa shawarar: in jira in shiga, in dawo a ɗaura aure, sannan in cike masa. Na nuna masa jadawalin. Matan aure da mazajen masu girin kad, rukunin F2A, layinsu a Oktoban 2024 yana kan ƙarshen 2021. Ke nan bayan jiran da ba mu san iyakarsa ba, a ƙara wasu shekaru ina can yana nan, don mai girin kad ba ya daɗewa a waje ba tare da ya sa katinsa cikin haɗari ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yaushe za mu haihu?" Ni nas ce, na yi aiki a ɗakin haihuwa, na san abin da shekaru ke yi wa mace. Ban ba shi amsa ba.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne wannan. Anti, ni fa Amurka ta fita daga raina. A 24 ina mafarkinta. Yanzu ina son aikina, ina son garinmu, ina son mutumin nan. Umma kawai nake so a can. Tana da hawan jini da ciwon suga, Yaya da matarsa suna fita aiki tun safe, yini take ita kaɗai a gida, ba maƙwabciya mai jin Hausa, ba gidan suna, ba gidan biki. Matar Yaya ta taɓa tsegunta mini cewa Umma ta sha cewa da ba don takardata ba da tuni ta dawo Zariya ta zauna a ɗakinta. In ta dawo ta zauna, katinta ya tafi, takardata ta bi shi. Wato ita tana can tana haƙuri domina, ni ina nan ina haƙuri dominta. Duk ranar Juma'a idan mun yi waya sai ta tambaye ni, "Layin ya matsa?" In ce ya kusa. Ta ce kullum tana sa shi a addu'arta ta tsakar dare. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa matar da ta yi shekara takwas a baƙon wuri saboda ni, na fasa?

Yaya kuma ransa zai ɓaci ƙwarai. Shi ya biya lauya, shi zai tsaya mini a takardar ɗaukar nauyi. Da na ɗan taɓo maganar sai ya ce mutane nawa ne ke neman irin wannan dama ido rufe, in na yar da ita kada in zo ina da na sani. Ya ce miji ana samu ko'ina. Na yi istihara sau uku, kuma duk lokacin da na idar hankalina wajen auren yake karkata, amma ina tsoron ko son zuciyata ne nake ji.

Don Allah Anti ki duba mini. Idan na zaɓi auren na bar takardar ta mutu, na saɓa wa mahaifiyata ke nan, na tozarta wahalarta? Idan faɗa mata zan yi, ta ina zan fara, kuma ni zan faɗa da bakina ko in nemi Baffa ko ƙanwarta su shige mini gaba, ganin hawan jininta? Ya dace in roƙi Baffa ya ƙara mini wata shida in ga yadda jadawalin zai yi, ko zaluntar bawan Allahn nan zan ƙara yi? Ina kuma roƙon idan cikin masu sauraro akwai wadda ta taɓa tsayawa inda nake tsaye, ko ta jira ko ta fasa, ta aiko ta faɗi yadda ta kaya mata. Idan akwai malamin da za ki tambayar mini hukuncin ɓoye aure a irin wannan hali, zan so in ji, don in samu abin da zan faɗa wa Gwaggo.

Azumi saura wata huɗu da 'yan kwanaki. Baffa ya ce zai sake kirana a ƙarshen watan gobe.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira.

Taki,
Mai sauraronki daga Zariya