Bandeji mai magani ba ya maye gurbin wankin ciwo

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana kan wani abu da yake damuna a bakin aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawancin aikina a ɗakin wankin ciwo yake. Da zarar hunturu ya kama, layinmu yakan cika da yaran da ruwan zafi ko kaskon garwashi ya ƙona, ga kuma 'yan acaɓa da suka sha ƙasa suka kuje. Da yawansu sai sun biya ta kemis kafin su iso wurinmu, an manna musu wannan ƙyalle mai raga-raga da maiƙo, an naɗe da bandeji, an ce su tafi ai akwai magani a ciki.

Gaskiya ne akwai magani a ciki. Wanda aka fi sani, wato Sofra-Tulle, an jiƙa shi da antibayotik mai suna framycetin, kashi 1 cikin 100. Amfaninsa biyu ne. Maiƙon yana hana ƙyallen mannewa a jikin ciwo, don haka ranar canji ba a fizgo sabon naman da ya fara tsirowa, yaro ma ba ya yin ihun da yakan yi idan busasshiyar auduga ta kama. Maganin kuma yana kashe ƙwayoyin cutar da suke saman ciwon. A ƙaramar ƙuna ko kujewa da aka wanke tas, na 'yan kwanaki, bisa shawarar wanda ya san aikin, abu ne mai kyau, mu ma muna sa shi. Akwai wani mai kama da shi, Bactigras, wanda chlorhexidine ne a cikinsa, maganin tsabtace fata, ba antibayotik ba. A shaguna da yawa ba a bambance su, duk wanda hannu ya kai shi ake miƙa wa mutum.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mutane sun ɗauka ƙyallen ya ɗauke musu wahalar wanki. Sai ka kwance bandejin da ya yi mako a ƙafar saurayi, wari ya riga ka fitowa, ka ɗaga ragar ka tarar da yashin titi yana nan kwance a ƙarƙashinta, mugunya ta taru, wani lokaci har ta yi kore-kore, alamar ƙwayar Pseudomonas. Maganin da ke jikin ƙyalle ba ya ratsa datti da mataccen nama. An dai rufe ciwo an ba shi ɗumi da danshi, abin da ƙwayar cuta take so ke nan. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Sannan ga yadda ake sayar da shi. Kowane falle yana zuwa ne a rufe, an kashe duk wata ƙwayar cuta a jikinsa tun daga kamfani. Amma saboda tsada, mai kemis zai yage ledar, ya sa almakashin da yake yanka komai da shi ya gutsuro kaɗan, ragowar ya mayar cikin aljihun tebur sai wani mai ciwon ya zo. Wannan ragowar ta tashi daga aiki. Wanda ma bai da kuɗin ƙyallen sai a fasa masa kafso, ja da yalo ko ampiclox, a barbaɗa garin a kan ciwo. An yi wannan garin ne don a sha. A kan miki dunƙulewa yake yi ya zama ɓawo, mugunya ta ɓuya a ƙasa, ciwo na mako biyu ya rikiɗe ya zama gyambo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya wuce ƙafar mutum ɗaya. Duk lokacin da aka sa antibayotik inda bai kamata ba, ko aka bar shi ya daɗe ƙarfinsa yana raguwa, ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, su za su hayayyafa su bazu. An ga haka ƙuru-ƙuru a ƙasar New Zealand. Daga 1991 aka bari ana sayar da man shafawa mai antibayotik ɗin mupirocin ba tare da takardar likita ba. Kafin shekara goma ta cika, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar Staphylococcus aureus da ake gwadawa, wadda ita ce kan gaba wajen ɓata ciwo, ta daina jin maganin, dole a 2000 suka mayar da shi hannun likita. Idan ƙasar da ake bin doka ta faɗa wannan ramin, ina ga mu da kowane lungu akwai mai sayar da kafso? Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum kusan miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara.

Shi kansa framycetin ɗin yana da nasa sharaɗi. Ɗan gidan su antibayotik ɗin neomycin ne, kuma akwai fatar da ba ta shiri da su. Gefen ciwo zai yi ja, ya yi ƙaiƙayi da ƙuraje, mai shi ya zaci ciwon ne ya ƙi, ya ƙara sayo wani fallen ya ɗora. A babbar ƙuna kuwa jiki yana iya tsotse maganin ya taɓa ji ko ƙoda. Ko a ɗinkin tiyata, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 sun ce kada a fifita bandeji na musamman a kan na yau da kullum don hana ciwon da aka ɗinke ɓaci, domin ba a ga hujjar cewa ya fi ba.

Abin da yake warkar da yawancin ciwo ba shi da tsada: a wanke hannu da sabulu, a kwarara wa ciwon ruwa mai tsabta ko ruwan gishiri na asibiti har dattin ya fita, a cire mataccen nama, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a canza a kan kari, a yi allurar tetanus. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata kamar minti ashirin, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Iyayenmu da suke sa zuma ba su yi kuskure ba. A 1988 wani likitan tiyata a Kalaba, Spencer Efem, ya wallafa yadda ya yi jinyar mutum 59 masu gyambo da raunukan da suka ƙi jin magani da zuma, kusan dukkansu suka samu sauƙi. Sai dai zumar da ake amfani da ita a asibiti tatacciya ce, ba irin ta tasha da aka sirka da sukari ba.

Idan ja ya fara yaɗuwa, wurin ya kumbura yana zogi, ko zazzaɓi ya shigo, to cutar ta nutsa, babu ƙyallen da zai kamo ta. Sai asibiti, a ɗebi mugunyar a gwada, a ba da na sha ko allura. Mai ciwon suga kuwa, ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa kada ya kwana bai nuna ba.

Ban ga laifin talaka ba. Kemis na kusa, asibiti na nesa, kuma kowane wankin ciwo sai an biya. Don haka kirana ga gwamnatocin jihohinmu shi ne su wadata ƙananan asibitoci da auduga, safar hannu da ruwan gishiri, su sauƙaƙa kuɗin wankin ciwo ga yara. Hukumar PCN da take ba masu kemis lasisi, da NAFDAC, su sa ido kan masu gutsura ƙyalle da masu fasa kafso. Kai kuma Edita, don Allah ka ware shafi guda kafin sanyin bana ya wuce, ka gayyato ma'aikatan jinya su nuna wa iyaye mata da hoto yadda ake wanke ƙuna da yadda ake gane ciwon da ya fara ɓaci.

Na gode.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Zariya