Wasiƙa zuwa Jidda: batun makarantar yaron nan

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya kuma zafin Jidda? Nan Kano lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Na leƙa Hajiya ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi sosai, har tana fitowa tsakar gida ba tare da an riƙe ta ba.

Na ga gara in zauna in rubuto maka maimakon mu yi ta musayar saƙon murya, domin maganar tana da ɗan tsawo. Ka ce in bincika inda za a kai ɗanmu idan ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, tunda ya kafe shi dai aikin lantarki yake so. Na bincika. Amma bari in fara da abin da ka faɗa a waya, da ka ce, "To shi ke nan, jami'a ta wuce shi ke nan." Ba ta wuce shi ba, mutumina, ka kwantar da hankalinka.

Kwalejin fasaha ita ma babbar sakandare ce, shekara uku ake yi kamar kowace. Yaro zai yi Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da zanen fasaha, sannan ya zaɓi sana'a guda da zai ƙware a kai: wayarin da gyaran lantarki, ko kanikancin mota, ko walda, ko kafinta, ko gini, ko aikin famfo, ko gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. A ƙarshe sai ya zana jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha da aka kafa a 1992 mai hedikwata a birnin Benin, a ba shi takardar shaidar kammala kwalejin fasaha da ake kira NTC. Wannan takarda JAMB tana karɓarta kamar yadda take karɓar ta WAEC da NECO. Idan ya samu kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, yana iya neman injiniyancin lantarki a foliteknik, ya yi ƙaramar difloma shekara biyu, ya ɗora babba, ko ya nemi jami'a. Bambancin kawai shi ne zai isa can da sana'a a hannunsa, abokan karatunsa kuwa da yawa sai a lokacin za su fara riƙe filaya.

A nan jiha, hukumar makarantun kimiyya da fasaha ce ke kula da irin waɗannan kwalejoji, wato hukumar nan mai riƙe da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da muke mafarkin shiga muna yara. Tana da kwalejin fasaha a cikin birni, akwai ta Ungogo, da ta Wudil, da ta Bagauda, da ta Dambatta. Ba haka kawai ake shiga ba, hukumar tana da jarrabawarta ta ɗaukar ɗalibai. Sai kuma na gwamnatin tarayya: akwai ta Dayi a Jihar Katsina, da ta Kafanchan, da ta Zuru, da ta Orozo a Abuja. A 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da cewa karatu a kwalejojinta na fasaha ya zama kyauta, har da ɗan alawus ga ɗalibai, kuma kashi 80 cikin ɗari na karatun zai koma aikin hannu, kashi 20 a aji. Magana ce mai daɗin ji. Ni dai ba zan gina shawara a kan sanarwa ba sai na ji daga bakin iyayen da 'ya'yansu ke ciki.

Sai dai waɗannan na tarayya da na lissafa duk na kwana ne a wurinmu, saboda nisa, kuma ka san Hajiya. Tun abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a ƙarshen 2020 ba ta ƙaunar jin kalmar makarantar kwana. Da na ɗauko zancen, cewa ta yi jikanta ba inda za shi. Ban ja da ita ba, don ni ma na fi karkata ga jeka-ka-dawo, ko da yake dalilina daban ne, zan zo kansa.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka. Gani ya kori ji, don haka na shiga wasu makarantun da ƙafata, kuma abin da na fahimta shi ne sunan makaranta da allon da ke bakin ƙofa ba su da wani amfani a wannan harka. Ɗakin koyon aiki shi ne makarantar. Wata da na shiga, ba zan kama suna ba, gini mai kyau, an sha fenti, amma da na roƙi a buɗe mini ɗakin aikin sai da aka daɗe ana neman mai mukulli. Injinan suna nan a jere an lulluɓe su, ƙura ta yi musu kaca-kaca, ba wuta, janareta kuma ba mai. Yaran suna kwafar hoton mita daga allo. Wata kuwa ginin duk ya tsufa, amma na tarar da malami tsaye a kan yara, kowane biyu da allon katako a gabansu suna haɗa layin fitila mai makunni biyu, irin wanda ake sawa a matakalar bene. Wanda ya yi kuskure sai ya kwance ya sake. Wannan ta biyun ita ta kwanta mini.

Ka tuna zamaninmu? Lokacin tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, gwamnati ta sayo injinan koyar da sana'a daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda ba wuta, ba malamin da ya san kansu. Mu ma haka muka gama, muna zana zarto a littafi ba mu taɓa yanka katako ba. Ba na so a maimaita wa yaron nan. Shi ya sa duk inda na je tambayoyina ba sa canzawa: sau nawa a mako yara ke shiga ɗakin aiki, wa ke sayen waya da soket da ake koyo da su, malamin sana'ar yana karɓar aiki a waje ko iyakarsa alli, kuma makarantar cibiyar jarrabawar NABTEB ce ko sai an kwashi yara zuwa wani wuri. Na kuma fi yarda da amsar ɗalibi ɗan aji uku da na tare a bakin ƙofa fiye da ta ofis.

Na san kawunsa ya ba ka shawarar a bar zancen makaranta kawai, a damƙa shi ga wani oga ya koya a shago. Ba shawarar banza ba ce. Je ka Ƙofar Ruwa, ko kasuwar waya ta Farm Centre, ko Panteka a Kaduna, ka ga mutanen da ba su taɓa shiga kwaleji ba suna abin mamaki da hannunsu. A wurin oga yaro ke koyon abin da aji ba ya koyarwa: yadda ake yi wa mai gida lissafin kaya, yadda ake ciniki, yadda ake haƙuri da mutumin da ya riƙe maka kuɗi, yadda ake gano matsala a tsohon gidan da ba wanda ya san ta ina waya ta bi. Amma oga yakan ce "haka ake yi" ne, ba ya faɗin dalili, wani lokaci shi ma bai sani ba. Yaro zai haddace cewa waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket, amma ka ce ya lissafa nauyin da gida zai ɗauka idan an ƙara hita da na'urar sanyaya ɗaki biyu, sai ido ya raina fata. Ka ba shi zanen injiniya, ba zai iya karantawa ba. Waya ta ƙasa kuwa, mai kare rai idan wuta ta zame, da yawa ba sa ma saka ta. Sau nawa muke jin gobara a kasuwa ko a gida a ce daga lantarki ne? Ga kuma harkar sola da ta buɗe tun da man fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023. Kowa yana son faifai da batir da inbata, kuma aikin lissafi ne tsantsa: wanda bai iya ba zai ƙona wa mutum kayan miliyoyi.

To wannan ne dalilina na jeka-ka-dawo. Ya yi kwaleji Litinin zuwa Juma'a, Asabar da lokacin hutu kuma yana wurin oga. Akwai wani dattijo mai wayarin a unguwarmu, mutumin kirki, ba ya zagin yara, ba ya kuma mayar da su 'yan aiken gidansa. Na yi masa maganar, ya ce a kawo shi ya gani. Idan hannunsa ya faɗa, sai ya je ya yi gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wanda ake farawa daga mataki na uku a haura zuwa na ɗaya. Kai da ke can ka fi ni sanin darajar takarda, tunda Saudiyya ma ta shigo da jarrabawar tantance ƙwarewa ga masu aikin lantarki da famfo da ire-irensu.

Cibiyoyin koyon sana'a irin ta hukumar horas da ma'aikatan masana'antu, wato ITF, da ke nan Kano, da babbar nan mai sunan Ɗangote a hanyar Zariya, na ajiye su gefe tukuna. Kwasa-kwasansu na ƙara ƙwarewa ne, ba za su maye gurbin sakandare ga yaro ɗan shekara sha biyar ba. Sa yi masa amfani nan gaba. Masu zaman kansu da ke tallar "zama injiniyan sola cikin wata uku" kuwa, kada ma ka bari a karɓi kuɗinka.

Abu ɗaya ne ke damuna. Na duba sakamakonsa na zangon da ya wuce, lissafinsa yana da rauni. Shi a tunaninsa idan ya shiga makarantar sana'a ya rabu da lissafi ke nan. Na gaya masa gaskiya cewa can ne ma zai same shi yana jiransa, kuma jarrabawar shiga ba ta san yana iya gyara fanka ba. Ina ganin a samo masa malamin da zai riƙa zama da shi da yamma daga yanzu zuwa lokacin jarrabawa. Wannan kuɗin shi ya fi gaggawa, akwatin kayan aikin da ka ce za ka aiko zai iya jira. In ma za ka saya, mita mai kyau da filaya da sukundireba masu rufin roba sun isa, sai takalmin aiki.

Sannan don Allah ka kira shi da kanka, ba ta wayar mahaifiyarsa a tsaitsaye ba. Yana ganin fushi kake da shi saboda bai ce zai zama likita ba, har ya tambaye ni ko gaskiya ne ka ce ya ba ka kunya. Na ce ban ji haka daga bakinka ba.

Ka gaya wa mahaifiyarsa ta haɗa mini takardar haihuwarsa, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da lambarsa ta NIN, da hotuna 'yan ƙanana, domin da zarar an fara sayar da fom ba na son mu tsaya neman takardu. Zan cike masa na jiha, in kuma ka amince in cike na tarayya ma a ajiye, ko da Hajiya za ta sauko. Ka sanar da ni ra'ayinka kafin ƙarshen wata.

Iyalina suna gaishe ka. In ka samu shiga Makka ka sa mu a addu'a, ka sa yaron nan ma.

Wassalam,
Naka, amininka na Kano.