Abin da malaman Ailan suka yi wa labaran kakanninsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan adabin wata ƙasa da masu nazarin Hausa ba su cika ambato ba, wato tsibirin Ailan da ke yamma da Birtaniya. Mu mutanen Jos mun san 'yan Ailan ta hanyar limaman coci da sistocin da suka koyar a makarantun Filato, amma kaɗan ne cikinmu suka san cewa harshensu na gado yana cikin harsunan yammacin Turai na farko da aka rubuta adabi da su.

Rubutun littafi ya shiga ƙasar tare da addinin Kirista a ƙarni na 5. Masu zuhudu da ke zaune a gidajen ibada suka koyi Latin, daga baya suka ari haruffansa suna rubuta harshensu, da farko a gefen shafi da tsakanin layuka domin fayyace kalmomi masu wuya, kamar yadda malamanmu ke yi wa littattafan Larabci ta'aliki da ajami. Irin wannan sharhi na ƙarni na 8 yana nan har yau a birnin Würzburg na Jamus.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, waɗannan malamai ba su tsaya ga littattafan addini kaɗai ba. Sun zauna sun rubuta labaran jarumai da sarakuna da allolin da kakanninsu suka bauta wa kafin zuwan addini. Mafi shahara shi ne Táin Bó Cúailnge, labarin Sarauniya Medb ta lardin Connacht wadda ta tara runduna ta nufi lardin Ulster domin ta ƙwace wani bijimi, sai saurayi guda, Cú Chulainn, ya tsare mashigin ruwa yana karawa da mazajenta ɗaya bayan ɗaya. An tsara shi ne da zube, amma idan magana ta yi nauyi, ko an zo makoki ko alfahari, sai ta koma waƙa, abin da duk wanda ya taɓa sauraron tatsuniya mai waƙa a ciki zai gane nan take. Labarin yana cikin Lebor na hUidre, kundin da ake dangantawa da gidan ibada na Clonmacnoise wajen shekarar 1100, yana kuma cikin Kundin Leinster na ƙarni na 12, dukansu biyu a birnin Dublin suke yanzu.

Marubucin Kundin Leinster, da ya kai ƙarshen labarin, ya sa wa wanda zai haddace shi ba tare da canji ba albarka da harshen Ailan, sannan ya ƙara da Latin cewa shi bai gaskata duk abin da ke ciki ba, domin wani ɓangaren ruɗin aljanu ne, wani kuma ƙirƙirar mawaƙa. A ganina wannan mutum ya yi abin da ya dace da malami. Bai sayar da imaninsa ba, bai kuma bar gadon mutanensa ya salwanta ba, ya kwafe shi cikakke a kan fatar maraƙi mai tsada, ya faɗi matsayinsa a fili, ya bar na baya su yi hukunci. Haka kuma a cikin wani littafi mai suna Acallam na Senórach, wanda aka tsara wajen shekarar 1200, an nuna mala'iku suna umartar Waliyyi Patrick, wanda ake danganta yaɗa addinin Kirista a ƙasar da shi, da ya sa a rubuta hirar tsofaffin mayaƙa domin mutanen da za su zo.

Mawaƙan ƙasar, waɗanda ake kira filid, suna da darajoji bakwai, kuma ana sa ran babbansu, wato ollam, ya san labarai 350. Suna yabon sarakuna, suna riƙe da asalin gidaje, ana kuma tsoron zambonsu har an yi imani yana iya fito da ƙuraje a fuskar wanda aka yi wa. Bahaushen da ya san makaɗan fada da maroƙa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Da sarautun gargajiya suka rushe bayan yaƙin Kinsale na 1601, inda sojojin Ingila suka yi galaba a kan sarakunan Ailan, da ficewar manyan sarakunan arewacin tsibirin daga ƙasar a 1607, makarantun waƙa suka mutu a hankali, abin da aka riga aka rubuta ne ya tsira.

Mu ma muna da namu. Waƙoƙin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na Nana Asma'u sun iso gare mu saboda an rubuta su an kuma yi ta kwafa. Tatsuniyoyi da labaran da malaman Hausa suka rubuta wa Frank Edgar, wani Baturen mulkin mallaka, da ajami, a Belfast da ke wannan tsibiri na Ailan aka buga su tsakanin 1911 da 1913. Sai dai kirarin maharba da na maƙera, waƙoƙin niƙa da na daɓe, da labaran kafuwar ƙananan garuruwa, yawancinsu har yanzu a bakin tsofaffi suke, wasu masu ilimi kuma suna ƙyamar taɓa su wai don akwai ragowar maguzanci a ciki. Rubuta abu ba yarda da shi ba ne, kuma mai nazarin tarihin Musulunci a ƙasar Hausa ma yana bukatar sanin abin da addinin ya tarar.

Saboda haka ina roƙon sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'inmu su sa adabin Ailan cikin abin da ɗalibai ke kwatantawa da namu, tunda an ɗauki hoton kundayensu da yawa an sa a intanet kyauta. Ina kuma roƙonka, ya Edita, ka ware shafi ko da sau ɗaya a wata domin masu karatu su aiko da abin da suka ɗauka daga bakin dattawansu, a buga shi yadda aka faɗe shi, da karin harshen mai maganar, tare da sunan garinsa da ranar da aka ɗauka.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Jos, Jihar Filato.