Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ke ba mu wutar lantarki

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni ɗaya ne daga cikin masu amfani da mitarku, irin wadda sai an saka mata kati kafin a sha wuta. Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin hanyar da kuka ware ta kai ƙorafi ita ce ainihin abin da nake ƙorafi a kai. Sai mutum ya shiga asusunsa a shafinku na intanet kafin ya kai kuka, shigar kuwa ita ce ta gagara.

Ba zan cika ka da surutu kan ɗauke wuta ba. Injuna suna lalacewa, iska tana kayar da turaku, layi yana buƙatar gyara, duk mun sani. Abin da ya ishe ni shi ne kun kwashe sayen kati, da kai rahoton ɗaukewar wuta, da duba jadawalin gyara, da bin sawun ƙorafi, kun zuba su bayan ƙofa ɗaya. Ita kuma ƙofar an ƙera ta ne domin mutumin da wutarsa ba ta ƙiftawa. Ban sani ba ko waɗanda suka tsara shafin sun taɓa gwada shi a gidan da babu wuta, don haka bari in kwatanta maka yadda abin yake.

Da zarar an ɗauke wuta, na'urar Wi-Fi ta gida ta mutu. Wayar hannu sai ta koma kan data da kanta, adireshin da intanet ke gane ta da shi ya canza. Shafinku na ganin haka sai ya ɗauka wani baƙo ne ya zo, ya fitar da kai, ko da kana tsakiyar biyan kuɗi ne. Ka dawo farko. Imel, kalmar sirri, sannan waɗannan ƙananan hotuna da ake cewa ka zaɓi masu fitilar hanya ko masu babur domin a tabbatar kai mutum ne, hotunan da ba sa gama buɗewa idan sabis ya yi rauni. Idan Allah ya taimake ka ka haye nan, sai a ce an tura maka lamba shida ta saƙon tes, ka shigar da ita cikin minti biyu.

To a nan gizo ke saƙar. A daidai wannan lokaci duk gidajen da aka ɗauke wa wuta sun koma kan data, duk sun rataya a kan eriyar sadarwa guda, ita ma eriyar ta koma kan batir ko janareto. Saƙo ba ya zuwa a kan lokaci. Agogon da ke shafin yana ta ƙirgawa har ya ƙare, ka danna a sake turowa. Can sai wayar ta yi ƙara, ga lamba ta iso, ka yi maza ka shigar, a ce ba daidai ba ce. Ashe ta farko ce ta makara, ta biyun da ka nema kuma ta riga ta soke ta. Saƙonnin iri ɗaya ne sak, babu lokaci a jiki, babu wata alama da za ta nuna wanne ne na wace nema. Kuskure uku, an rufe asusunka sai bayan awa 24. Duk wannan kana yin sa ne da wayar da cajinta ya koma ja, kuma ba ka da inda za ka jona ta. Ban ga laifin da mai gida ya yi a cikin wannan jerin ba, amma shi aka hukunta.

Na san amsar da za a ba ni ita ce tsaro. Ni ma ba na son wani ya shiga asusuna. Amma masana tsaron da ake kafa hujja da su ba haka suka ce a yi ba. Hukumar NIST ta Amurka, wadda kamfanoni da yawa a duniya ke bin ƙa'idojinta kan shiga asusu, ta fitar da jagora a 2017 mai lamba SP 800-63B. A ciki, wa'adin da ta yanka wa lambar da ake turowa ta waya ya kai minti 10, ba biyu ba. Iyakar da ta sa wa kuskuren shiga a jere ita ce kada ya wuce 100, ta kuma kawo dabarar a riƙa ƙara ɗan jinkiri bayan kowane kuskure. Babu wanda ya ce ku kai ɗari, amma tsakanin uku da ɗari akwai fili mai yawa da mai hankali zai tsaya.

Wannan jagorar kuma ta ce a daina tilasta wa mutane canza kalmar sirri lokaci-lokaci in ba an ga alamar an sace ta ba, a daina dokar nan ta dole sai da babban baƙi da ƙarami da lamba da alama, a kuma bar mutum ya kwafo kalmarsa ya manna. Shafinku ya saɓa wa dukkan ukun. Kowane wata uku sai an canza, dokar baƙaƙe da lamba da alama tana nan, ba a yarda a manna ba, ba a kuma nuna maka abin da kake rubutawa. Sakamakon a bayyane yake. Mutane suna ƙara lamba ɗaya a ƙarshen tsohuwar kalmar, ko su rubuta ta a takarda su liƙa a bango kusa da mita.

Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata da idanunta suka yi rauni. Duk sanda mitarta ta fara kuka, sai ta fito da waya a hannu ɗaya, da wata 'yar takarda da ta sha ninki a ɗaya hannun, ta tare duk yaron da ta gani ta ce, "Ɗana, zo ka shigar mini." A takardar akwai imel ɗinta, da kalmomin sirrinta na da an soke su da biro ɗaya bayan ɗaya, da na yanzu a ƙasa. Rabin samarin layinmu sun san kalmar sirrinta. Tsaron da kuka tsaurara har ya fi ƙarfin mai asusun, ga inda ya ƙare.

Sai batun da ya fi ci mini rai, wato kuɗin da ake cira ba a ga kati ba. Mutum ya biya, banki ya turo saƙo cewa an cire, kafin shafi ya nuna lambobi 20 ɗin nan sai sabis ya yanke ko shafin ya fitar da shi. Kati yana nan, an fitar da shi, amma yana cikin asusun da aka rufe. Ga shi kuma ko an dawo da wuta a unguwa, gidan da mitarsa ta ƙare yana nan cikin duhu.

Ina so a gaya mini abin da ake karewa da ɓoye waɗannan lambobi. Mitocin nan suna aiki ne da tsarin STS, wato ƙa'idar da mitocin kati ke bi, kuma a tsarin kowane kati an ƙulla shi ne da mita guda. Idan na ba maƙwabcina lambobina ya danna a tasa mitar, ba za ta karɓa ba. Idan na sake dannawa a tawa bayan ta karɓa, za ta ce an riga an yi amfani da su. Ɓarawon da ya tsinci lambobin nan, iyakar ɓarnar da zai iya yi ita ce ya zo gidana ya loda mini mita. To don me ba za a turo su ta saƙon tes da zarar kuɗi ya shiga ba? Don me sai na tsallake shinge uku kafin in ga abin da ba shi da amfani ga kowa sai ni?

Kada kuma a ce ba ku da hanyar isa gare mu. Kowa ya tuna abin da ya faru gabanin 24 ga Nuwamba, 2024. Kowane kati yana ɗauke da wata lamba da ke ƙirga mintoci tun daga farkon 1993, kuma a ranar ne ƙirgar za ta cika, duk mitar da ba a sabunta ba ta daina karɓar sabon kati. Sai da kowa ya danna wasu lambobi na musamman, jeri biyu masu 20-20, kafin mitarsa ta ci gaba da aiki. A lokacin ba ku jira mu shiga shafi ba. Saƙonninku sun same mu har cikin ɗaki, safe da yamma, domin mitar da ta daina karɓar kati mitar da ta daina kawo muku kuɗi ce. Lambobin wayarmu ba su canza ba tun daga ranar.

Jadawalin ɗauke wuta ma haka. Idan kun san za ku kashe layi domin gyara, wannan ba sirrin kowa ba ne, bai kamata a ce sai mai asusu zai gani ba. Sanin tsawon lokacin shi ne ke raba ɗan takaici da asara. Firji idan ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi kimanin awa 4. Firiza da ke cike tana kai awa 48, mai rabi kuma awa 24. Mai ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin, wadda ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a fara amfani da ita, yana buƙatar ya san ko awa biyu za a yi ko kwana biyu, don ya san ko zai nemi ƙanƙara ko ya kai ta gidan da ke da wuta. Mai ɗinki da mai aiki da kwamfuta daga gida suna so su san abin da za su gaya wa masu jiran aikinsu. Rashin sani ne kuma ke sa mutane tayar da janareto cikin dare a baranda ko kusa da taga, alhali iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi.

Dawowar wutar ma tana da nata haɗarin. Takan dawo da ƙarfi fiye da kima, ko ta zo ta koma ta sake zuwa cikin daƙiƙu kaɗan, abin da injin firji ya fi ƙi, domin yana buƙatar 'yan mintoci ya huta kafin ya sake tashi. Da za a ce mana ga lokacin da ake sa ran dawowa, da mun cire kayanmu daga soket. Wanda kayansa suka ƙone kuwa, fom ɗin neman diyya yana ina? Yana cikin asusu.

Na kira lambar kula da abokan ciniki. Ba ni da ƙorafi a kan matan da mazan da ke ɗaukar waya, suna da ladabi, kuma a bayyane yake ba a ba su ikon buɗe asusun da aka rufe ba. Abin da aka ba su su faɗa kawai suke faɗa: "Yallaɓai, ka yi haƙuri ka shiga shafinmu ka cike fom." Idan ka ce ai shafin ne ya rufe ka, sai a yi shiru, sannan a ce ka jira awa 24. Kamar wanda ya kulle mabuɗinsa a ɗaki ne, ya kira mai gida, mai gida ya ce ya shiga ciki ya ɗauko.

Mu dai mun koyi dabarun zama da ku. Muna sayen kati tun mita ba ta fara kuka ba, muna ɗaukar hoton lambobin da zarar sun fito, muna ajiye batirin cajin waya a cike, mai hali ya saya wa na'urar Wi-Fi ɗan ƙaramin batir tunda ba ta cin wuta sosai. Amma duk wannan kuɗi ne da lokaci da muke kashewa don toshe ɓarakar da ba mu muka yi ba, kuma ba kowa ke da halin yi ba.

Abin da nake nema bai kai sayen sabuwar taransifoma ba. A fitar da rahoton ɗaukewar wuta da jadawalin gyara daga bayan kalmar sirri, lambar mita kaɗai ta isa. A buɗe hanyar USSD, irin lambobin nan da ake dannawa da tauraro, domin tana aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba, ta yadda mutum zai iya sayen kati ko ya sa a sake turo masa na ƙarshe da ya saya. Lambar tabbatarwa a tsawaita wa'adinta, a kuma sa alama a kowane saƙo da za ta dace da wadda ke kan shafi, don a san wacce ce mai rai. Wayar da mutum ya saba shiga da ita a riƙa gane ta ko da ta sauka daga Wi-Fi ta hau data. Masu ɗaukar waya kuma a ba su ikon buɗe asusu bayan sun tabbatar da mai shi. Tun 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar da goyon bayan hanyar shiga da zanen yatsa ko fuska ba tare da kalmar sirri ba, amma ni ban ma kai ga neman wannan ba tukuna.

Ina kuma roƙon ka da abu ɗaya da ba ya cin ko sisi. Ka sa shugaban sashen da ke kula da shafin ya kashe Wi-Fi ɗin ofishinsa a tsakiyar biyan kuɗi, ya ƙarasa sayen da data, da wayar da cajinta ya kusa ƙarewa, sannan ya kawo maka rahoton abin da ya gani.

Idan za a amsa mini, a amsa a fili kamar yadda na rubuto, domin ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Kada dai a tura amsar cikin akwatin saƙon asusuna, har yanzu a rufe yake.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naku,
Wani mai amfani da mitarku