Wasiƙa daga Jos: Amon Bindigar Toka da Ta Zamani

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma baƙunta ba ta yi muku nauyi ba. Mu nan Jos hunturu ya kankama.

Na ga saƙonka kan bidiyon 'yan bindigar hawan sallah, inda ka ce a kunnenka harbi duk harbi ne. Wallahi ba haka ba ne, lasifikar waya ce ba ta iya fitar da kaurin sauti. Bindigar toka idan ta tashi a ƙirji ake jin ta, gum! Sai amon ya yi ta yawo tsakanin duwatsu kafin ya lafa, farin hayaƙi ya turnuƙe, warin farar wuta ya cika hanci. Albarushinta, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, ba ya tara ƙarfi a cikin bututu kamar na zamani, ga bakin bindigar da faɗi, shi ya sa muryarta ke da kauri. Mai ƙanƙara ma, wato wadda dutsen ƙyastu ke kunna ta, sai ka ji ƙyas, garin albarushin ya kama, sannan ta amsa. Kuma a wajen hawa ba a ɗura mata harsashi, albarushi ne zalla.

Ta zamani wani abu ce daban. Tun da Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884 muryar bindiga ta sauya. Sauti na cin kusan mita 340 a daƙiƙa, harsashin AK-47 kuwa yana fita da gudun da ya haura mita 700. Yana keta iska da tsawa tasa ta kansa, tas, kamar bakin bulala, kuma wanda aka harbo ta wajensa wannan tsawar yake fara ji, ƙarar bindigar ta biyo baya. Nakan tuna mutanen Sakkwato a 1903, waɗanda suka saba da bindigar da sai an tsaya an sake ɗura ta, ranar da Maxim, bindigar Turawa mai sarrafa kanta, ta yi musu magana ba numfashi.

Ka san abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Mu da muka ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 a garin nan, kunnenmu ya koyi rarrabewa ba da son ranmu ba. Gum ɗaya daga bayan gari, a ce maharba ne ko biki, kowa ya ci gaba da harkarsa. Amma tas-tas a jere, tuni uwa ta fara ƙirga 'ya'yanta. Allah kada Ya maimaita mana.

Idan Allah Ya kawo ka sallar bana, mu tafi Zariya tare ka tsaya kusa da 'yan bindigar ka ji da jikinka. Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka,
Amininka daga Jos